Kafin ɓarnar gona ta zama harbin bindiga

Duk wanda ya ce a ware kuɗi don koya wa shugabannin ƙauye dabarun sulhu, a Zamfara sai an yi masa kallon wanda bai san abin da ake ciki ba. Jama'a na da hujja. Gwamnatin Abdul'aziz Yari ta yi sulhu da jagoran 'yan bindiga Buharin Daji a 2016, ta Bello Matawalle ta zauna da 'yan bindiga a 2019, amma a Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara, a Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a Satumba aka ɗauki ɗalibai a Kaya ta Maradun. Sai dai ciniki da wanda ya riga ya shiga daji da bindiga daban yake da raba gardamar manomi da makiyayi tun tana ƙofar gidan mai unguwa. Na biyun ne ya cancanci kuɗin gwamnati, kuma shi ne ba a cika waiwaya ba.

Da kaka, shanu su faɗa gonar gero da dare saboda an nome burtalin da suka saba bi. Gari na wayewa mai gona ya kama saniya ya ɗaure, makiyayi ya zo da 'yan uwansa. Idan akwai wanda zai taka ƙafa zuwa gonar a ranar, ya ƙiyasta damin da aka ɓata a gaban sarkin noma da ardo, ya rubuta abin da za a biya da ranar biya, magana ta mutu. Idan babu, mai gona ya nufi 'yan sa-kai, makiyayi ya nufi masu jin kukansa a daji. Haka lamarin yake a filayen noman rani na Bakolori, inda faɗa kan layin ruwa yake. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin abin da ke biyo bayan koken da ba a saurara ba: bayan kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, manoma sun yi ta kuka kan diyyar gonakinsu har suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 aka tura 'yan sanda, rayuka da dama suka salwanta.

Wani zai ce hakimai da dagatai sun gaji sulhu kaka da kakanni, me za a koya musu? Gaskiya ne sun gada, amma an zare musu ƙarfin da ke sa a ji maganarsu. An karɓe kotuna daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, sauyin ƙananan hukumomi na 1976 ya rage abin da ya saura, kundin tsarin mulkin 1999 kuwa bai yanka musu wani aiki ba. Dagacin yau yana buƙatar sanin dokar filaye da ta makiyaya, da yadda ake rubuta yarjejeniyar da alƙali zai karɓa, da iyakar huruminsa, domin kisa da fyade na kotu ne. A Jamhuriyar Nijar, dokar karkara ta 1993 da dokokin da suka biyo bayanta sun kafa kwamitocin filaye har matakin ƙauye, hukuma na sanar da ranar sakin gonaki ga dabbobi, sarakuna kuma na rubuta sulhun da suka yi. Rikici bai ƙare a can ba, amma mai koke ya san ƙofar da zai buga.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta amana. Kwamitin tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya zargi wasu sarakuna da hakimai a 2019 da hannu a ta'asar 'yan bindiga, kuma kowa ya san yadda kuɗin bita ke ƙarewa: kwana uku a otal a Gusau, alawus, hoto, a watse. Maganin wannan shi ne kada a danƙa sulhu ga mutum ɗaya. A horar da dagaci tare da ardo da liman da sarkin noma da wakiliyar mata, a garinsu, da Hausa da Fulatanci, kaso mafi tsoka na kuɗin kuma ya tafi ga man babur da littafin rajista da sake shata burtali. Duk wata a karanta ƙararrakin da aka sasanta a bainar jama'a.

Wannan aiki ba zai maye gurbin soja ko Askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024 ba. Amfaninsa shi ne rage masu sabon dalilin shiga daji. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shugabannin Mafara da Bakura da Maradun su saka horon masu sulhu a kasafinsu na shekara, kansiloli kuma su bi sawun kuɗin.