Kafin a aiko da keken ɗinki mai kwamfuta gida

Ƴan uwa na ƙetare, a kula. Kekunan ɗinki masu tsada irin su Bernina, Janome da Brother suna da ƙarko, amma da halinsu. Da yawa daga na Amurka wutar 120 suke sha, tamu kuwa 220 ce. A duba rubutun jikin keken. In ba taransfo aka jona, ƙwaƙwalwarsa za ta ƙone, kuɗi sun tafi.

Ba sa shiri da ƙurar hunturu: a riƙa rufewa, a share gidan kwarkwaro. In zare ya cukurkuɗe ƙasan yadi, galibi na sama ne bai zauna ba. A ɗaga madannin yadi, a sake zurawa.

Ƙauyen da ba kuran kuwa, keken ƙafa ya fi rufin asiri.