Ana iya gane mahaɗar da mota za ta kaɗe mutum tun kafin abin ya faru

In kana cikin masu tasowa daga Gumel ko Ɗanzomo su sauka 'Yankaba, ka san yadda ake tsallaka titi a Kano: a duba danja, a duba adaidaita sahu, sannan a ruga. To ka san akwai masu aikin lissafa mutum nawa mota za ta iya kaɗewa a irin wannan mahaɗa cikin shekara? Ba duba ba ne, ƙidaya ce.

A Amurka akwai kundin injiniyoyin hanya mai suna Highway Safety Manual, wanda ya fito a 2010. Tambayoyinsa kan mahaɗa mai danja ba su da wuya. Mota nawa ke wucewa a rana? Mutum nawa ke tsallakawa? Layi nawa za ka haye kafin ka samu wurin tsayawa? Akwai makaranta, ko wurin saukar fasinja, ko shagon giya cikin kimanin mita 300? Kowanne na ƙara haɗarin. A nan sai mu ce a ƙara da masu talla da ɗan adaidaitan da ke cin burki duk inda aka ɗaga masa hannu.

Abin da zai ba ka mamaki, ba mai karya dokar danja kaɗai ke kaɗe mutane ba. Sau da yawa direban da zai sha kwana ne, an ba shi hannu, kai ma lokacin tsallakawarka ne, idonsa na kan motoci, naka na kan TikTok. Shi ya sa wasu birane ke sakin masu tafiya a ƙasa daƙiƙa 3 zuwa 7 kafin motoci, don direba ya gan su sun riga sun shiga titi.

Sai gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, yiwuwar mutuwar wanda ta buge na ninkuwa sau huɗu da rabi. Ta kuma ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wato sa'anninka.

Za ka ce wannan ai maganar birni ce. Je ka Maigatari ranar Alhamis: tirelolin shanu, 'yan acaɓa, yara masu tallan ruwa, fasinjojin Nijar, duk a kan kwalta ɗaya. Duk abin da kundin nan ke ƙirgawa yana wurin, sai dai ba wanda ya zauna ya ƙirga.

Kuma nan ne matsalarmu take. Lissafin na bukatar tarihin haɗurran baya, mu kuwa in babur ya buge yaro, sai a kai shi wurin mai ɗori, manya su shiga, a ce a yi haƙuri. Sulhu abu ne mai kyau, amma a takardar 'yan Road Safety wannan kwanar ba ta taɓa cin kowa ba, don haka ba mai zuwa ya sa mata tudun rage gudu.

In ka ci karo da haɗari, kafin ka buɗe kyamara, lambar gaggawa ta Road Safety 122 ce, kuma kiran kyauta ne. Ka faɗa musu sunan wurin daidai, da lokacin.