2.3 Abdullahi Smith da Tarihin Kafuwar Birnin Zazzau

An haifi Farfesa Abdullahi Smith a ƙasar Ingila a shekarar 1920, sunansa na asali kuwa shi ne H. F. C. Smith. Ya fara koyar da tarihi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarar 1955. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai ya zo Zariya ya kafa Sashen Tarihi. A 1967 ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullahi. Shi ne kuma ya jagoranci kafa Gidan Arewa da ke Kaduna a 1970, domin adana rubutattun takardu da bincike a kan tarihin Arewa. Ya rasu a shekarar 1984.

Muhimmancin Smith ga wannan bincike shi ne yadda ya sauya wa masana alƙibla game da asalin sarautun ƙasar Hausa. Kafin zuwansa, mafi yawan marubuta sun dogara ne da labarin Bayajida, wanda ya nuna cewa jikansa Gunguma ne sarkin Zazzau na farko. A cikin maƙaloli biyu da ya wallafa a 1970, ɗaya kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, ɗaya kuma kan Zazzau a zamanin sarakunan Haɓe, Smith ya nuna cewa zuwan baƙo guda bai isa ya bayyana kafuwar daula ba. A ganinsa, al'umma ce ta bunƙasa sannu a hankali, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni mai ganuwa. Abubuwan da suka jawo mutane su ne ƙasar noma, da tama, da tsaro, da kuma duwatsun da ake bautar iskoki a kansu. Dutsen Kufena da na Turunku suna cikin misalan da suka tabbatar da wannan ra'ayi a ƙasar Zazzau.

Haka kuma, Smith ya horar da ɗalibai irin su Murray Last da Yusufu Bala Usman, waɗanda suka rubuta tarihin Sakkwato da Katsina. Saboda haka, mai nazarin Birnin Zazzau a yau ba ya tsayawa ga jerin sunayen sarakuna kaɗai, dole ne ya dubi ganuwa, da kufai, da sana'o'in mutanen da suka zauna cikinsu.