Gayyato ɗan'uwa zuwa Duwala: nauyin da ke kan mai masauki

A unguwar Kassalafam da ke New Bell a Duwala, gidaje da yawa na da dangi a wata ƙasa. Idan baƙon ɗan Najeriya ne, ko na Cadi da sauran ƙasashen ƙungiyar CEMAC, ba ya buƙatar biza don gajeriyar ziyara. Wanda zai taso daga Maraɗi ko Zinder da fasfon Nijar kuwa, sai ya nema.

Tun watan Afrilun 2023 ta intanet ake neman bizar Kamaru. Baƙo zai tanadi fasfo, katin rigakafin shawara da tikitin komawa. Mai masauki shi zai samar da takardar masauki, wadda hukuma ke kira certificat d'hébergement. Sai ya je ofishin magajin gari, na New Bell shi ne na Duwala ta Biyu, a buga mata hatimi, ya haɗa da kwafin katin shaidarsa.

Nan ne mutane ke sakaci. Sa hannu a wannan takarda alkawari ne: ka ce wurin kwanan baƙon a gidanka yake. In ya wuce wa'adi, adireshinka hukuma za ta bi. Don haka kafin a tura kuɗin jirgi, a tsayar da ranar komawa, a kuma ware wani abu saboda rashin lafiya.