Shawarar da kwamfaila ba ta ji

Duk wanda ya taɓa shiga motar Samaru daga ƙarƙashin gadar Kwangila ya san fasinjan nan mai koya wa direba tuƙi: bi nan, kauce can. Direba ya gyaɗa kai, ya bi hanyarsa. Haka abin yake tsakanin mai rubuta manhaja da kwamfaila, wato tafintan da ke juya rubutunsa zuwa harshen inji.

Ɗalibin da ya koyi harshen C daga tsohon littafi zai rubuta register a gaban lamba, yana roƙon a ajiye ta kusa don aiki ya yi sauri. A shekarun 1970 roƙon yana da amfani. Yau kwamfailoli irin GCC da Clang sun fi shi sanin inda ya dace, har ma an soke kalmar daga ƙa'idar C++ ta 2017. Ita ma kalmar inline, wajen neman sauri, roƙo ce kawai, kwamfaila na iya yin kunnen uwar shegu da ita.

Wannan ne ya sa manhajojin bincike, jikokin Lint da Stephen Johnson ya rubuta a Bell Labs a 1978, suka fara tona irin waɗannan shawarwari. Clang-tidy na nuna inline da aka sa a banza. Clippy na harshen Rust yana jan kunnen mai tilasta ta a ko'ina. Dalilin a fili yake: kwamfaila ta ƙara wayo, littattafai sun tsaya cak, ga kuma ɗabi'ar kwafo rubutun wani ba tare da tambaya ba.

Amfanin ba ƙarami ba ne ga yaron da ke harhaɗa aikinsa na shekarar ƙarshe a shagon kwamfuta, wuta na ɗaukewa, babu wani gwani kusa da zai duba masa. Binciken kyauta ne, kuma ba ya gajiya.

Sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Mafi yawan binciken karanta rubutu yake yi, ba ya auna gudun manhajar. Shawarar da ta fi cutarwa ita ce wadda kwamfaila ta ɗauka alhali kuskure ce, kamar likely da unlikely a cikin Linux. Sai da aka ƙera ma'auni na musamman kafin aka gano waɗanda aka sa a baibai. Sannan idan gargaɗi ya kai ɗari a allo, na sha ganin ɗalibi ya kashe shi gaba ɗaya, ya tura aikinsa ga malami.