SABON INJI, TSOHUWAR SALANSA: A YI HANKALI

A ƙauyukan da muke zagayawa, har yanzu tsohuwar Peugeot ce jakin manoma. Ita ke kai taki gona, ita ke kai masara kasuwa, ita ce kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuwa a 1968. A 1975 aka soma harhaɗa Peugeot a Kaduna. Motocin sun tsufa, saboda haka da yawansu ba da injinsu na asali suke yawo ba.

Bara ƙungiyarmu ta manoma ta sa wa akori-kurarta 404 injin 504. Muka yi murna, gama mota ta sami ƙarfi. Amma ba a yi mako biyu ba, matan da ke zama a baya ran kasuwa suka fara kukan ciwon kai da jiri. Muka ce rana ce. Sai da muka kwanta ƙarƙashin motar muka ga baƙin hayaƙi ya yi zane a mahaɗar bututu. Ashe an tilasta wa tsohuwar salansa ta zauna a bakin sabon inji, ba ta kuwa zauna daidai ba.

Ga dalilin. Injin fetur na 404 girmansa cc 1618 ne, babban na 504 kuwa cc 1971. Wato ya fi shi da wajen kashi ɗaya bisa biyar, hayaƙinsa ma haka. In hanyar ta yi masa kaɗan, hayaƙi yakan taru, inji ya yi zafi, ya sha mai, ya kasa hawan tudu. Bambancin bututu mai milimita 45 da mai 50 ƙanƙane ne a ido, amma na biyun ya fi na farin hanya da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Banda haka, bakin manifol, inda hayaƙi ke fita daga inji, ba lalle ya fuskanci inda na dā ya fuskanta ba.

Babban hatsarin kuwa ba na inji ba ne. Cikin hayaƙin mota akwai iskar guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Takan kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da gyangyaɗi. Yara da masu juna biyu sun fi kowa saurin jikkata. Wanda ya ji haka a mota, a tsaya, a kashe inji, a fitar da shi sarari, a kai shi asibiti.

Ga abin da muka koya, 'yan'uwa:

1. Ran da za ku sayi inji, ko a Panteka ta Kaduna ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ku saye shi tare da manifol nasa da bututun farko. Wannan sashe na inji ne. Sauran, daga tsakiya zuwa wutsiya, shi ke bin siffar mota.

2. Ku auna bakin bututu, ku ƙirga ramukan noti, ku tafi kasuwa da tsohon gasket a hannu. Kada ku yarda da "ai duk ɗaya ne".

3. In faɗin bututun biyu ya bambanta, mai walda ya yi mahaɗa mai tsukewa sannu a hankali. Kada a cusa ƙarami cikin babba a cike gefen da walda.

4. A sa sabon gasket. Gwangwani da tsumma da laka ba su tare guba.

5. A rataya dukan salansa sako-sako tukuna, sa'an nan a ɗaure daga gaba zuwa baya. A rataye ta da roba, kada a manne ta da jikin mota, gama inji yana motsi, abin da aka ƙafe kuwa sai ya tsage.

6. A bar tazarar yatsa biyu aƙalla tsakaninta da bututun mai, da na birki, da daɓen mota. A yi walda nesa da tanki.

7. Wutsiyar ta fita waje da jikin mota, kada ta ƙare ƙarƙashin inda mutane ke zama.

Bayan an gama, a gwada a fili, ba cikin ɗaki ba. A ta da inji yana da sanyi, wani ya toshe wutsiya da tsumma na ɗan lokaci, wani ya saurara. Inda aka ji huci, nan ke yoyo. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku a sake ɗaure notuna, domin zafi yakan sassauta su.

Mu dai mun sake aikin daga farko. Ya ci mana kuɗi, amma tun daga ranar ba wadda ta sauka kasuwa riƙe da kai. Kafin kaka ta zo mota ta shiga jigilar amfanin gona, kowace ƙungiya ta sa mutum ya leƙa ƙarƙashin motarta.