Idan Kunama Ta Yi Ƙas: Hazo, Mai da Bindigar Dogari

Kafin rana ta gama fitowa, babban titin Kubwa ya cika da motocin ma'aikata masu gangarawa Sakatariyar Tarayya. A kujerar gaba ta wasu motocin akwai dogari, fistol na rataye a ƙugunsa. Maigidan da ke baya ya miƙa wa wannan ƙarfe amanar ransa, alhali da wuya ya taɓa tambayar yaushe rabon da a kwance shi a duba.

Tambayar ta ƙara nauyi tun watan Nuwamban 2025, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya umarci a janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane, aka ce mai buƙata ya nemi jami'an Sibil Difens. Makamai sun sauya hannu, kuma kowane makami da halinsa.

Daga cikin cututtukan fistol akwai wadda ba ta nuna alama sai ranar buƙata. A ja kunama, a ji ƙas, harsashi bai tashi ba. A gindin kowane harsashi akwai ɗan makunni, wanda allurar bindiga ke sara domin ya kunna albarushi. Idan saran ya yi rauni, sai a tarar da ɗan tabo marar zurfi, harsashin kuma na nan lafiya lau.

A filin atisaye, ƙa'idar farko haƙuri ce. Jami'i zai bar bakin bindigar yana kallon inda babu kowa na kamar daƙiƙa 30, domin wani harsashin jinkiri yake yi, ba mutuwa ba. Mai gaggawar juyo ta ya leƙa yana iya zama labarin harbin kuskure. Bayan nan ne ake cire gidan harsashi, a fitar da wanda ya ƙi, a kwatanta tabonsa da na kwanson da ya tashi.

Wannan tabo yana faɗin abubuwa da yawa. Idan yana tsakiya amma bai nutsa ba, zargi na farko yana kan ramin da allurar ke gudu a ciki. Nan yanayin Abuja ke shigowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na ratsa kube da aljihu, jami'i mai ƙwazo kuma yakan ɗauka yawan mai shi ne kulawa. Mai da ƙura da tokar albarushi suka haɗu, sai su zama kwaɓi mai danƙo da ke riƙe allura. Shi ya sa kamfanin Glock ya gargaɗi masu bindigoginsa kada su zuba mai a wannan rami. A bushe ake son sa. Abin takaici, sau da yawa bindigar da ta fi ƙyalli a waje ita ce ta fi cushewa a ciki.

Idan kuwa tabon ya kauce gefe, alama ce murfin bai gama rufewa ba, ko don datti a mazaunin harsashi ko don sifirin mai mayar da shi ya gaji. Sifirin allura ma yana tsufa, haka na guduma a irin Beretta 92. Wani lokacin laifin na harsashi ne: na soja yakan zo da makunni mai tauri, wanda ya kwana a laimar damina kuma yana iya mutuwa ko da an sare shi da kyau. Gwada harsashi daga wani akwati yana raba gardama.

Sauran aikin na jami'in ma'ajiyar makamai ne. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu, ta kuma taƙaita wuraren da aka halatta gyara. Kai bindigar gwamnati wurin maƙeri a Dei-Dei don gudun tambayoyin ofis laifi ne, ko da gyaran ya yi kyau. Dogarin da bindigarsa ta yi ƙas zai mayar da ita ma'ajiya tare da harsashin da ya ƙi, a rubuta cikin rajista, a ba shi wata kafin ya koma kujerar gaba.